Birki Kafin Guzuri: Shirin Ayarin Motoci Daga Abuja Zuwa Tsaunin Mambila

 Abin da wannan lacca ta zo da shi tsohuwar jayayya ce tsakanin mai gabatar da ita da ofisoshin da ke shirya tafiye-tafiyen rangadi daga Abuja, domin duk shekara idan damina ta ɗauke ana ganin motocin ma'aikata da na makarantu sun nufi tsaunin Mambila a jihar Taraba ɗauke da takardar shiri wadda aka kwafo daga littattafan masu hawan duwatsun Himalaya, takardar da ta cika da maganar numfashi da rigunan sanyi, amma ba ta ce uffan a kan birkin motar da za ta sauko da mutane ba.

Mahalarta sun san tarihin yankin tun daga ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigo da shi Nijeriya, sun kuma san hanyar: a bi Keffi da Lafiya a ƙetare Binuwai a Makurɗi, a shiga Taraba, a kama titin Bali zuwa Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, daga Mayo Selbe kuma a fara hawa zuwa Maisamari da Nguroje da Gembu. Abin da ake mantawa shi ne tsayin wurin. Matsakaicin tsayin tsaunin kimanin mita 1,600 ne daga doron teku, sannan Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan kuma da ƙafa ake hawansa, mita 2,419 ne. Ciwon tsauni kuwa, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke kama mutum saboda ƙarancin iskar shaƙa a sama, galibi sai an wuce mita 2,500 yake bayyana. Ashe ke nan babu garin da mota ke kaiwa a Mambila da ya kai wannan mizani, kuma kuɗin da ake kashewa a kan wannan fargaba an ɗebe su ne daga inda ake da buƙatarsu. Mai hawan jini ko asma ya ga likita kafin tafiya, kowa ya riƙe bargo domin zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, a kuma tanadi gidan sauro saboda kwana a Serti. Iyakar maganar lafiya ke nan.

Haɗarin gaske yana wajen gangara, kuma lissafinsa ba ya buƙatar wani dogon ilimi. A ɗauki bas mai kujera 18 wadda nauyinta da fasinja da kaya ya kai tan 3, a ce za ta sauko mita 1,000, wanda bai ma kai bambancin da ke tsakanin saman tsaunin da kwarin Serti ba. Ƙarfin da tsayi ya tara a jikin wannan mota, idan aka ninka nauyinta da fizgar ƙasa da nisan saukowa, ya kai megajul 29, megajul kuwa ma'aunin ƙarfi ne kamar yadda kilo yake ma'aunin nauyi. Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, dole ya koma zafi a wani wuri, kuma yawansa ya isa ya tafasa ruwa lita 90. Motar nan da za ta taka birki daga gudun kilomita 100 har ta tsaya cik, ƙarfin da za ta zubar bai wuce megajul 1.2 ba, saboda haka saukowa ɗaya daga Maisamari daidai take da irin wannan tsayawar gaggawa har sau 25 a jere, ba tare da an ba ƙarfen damar hucewa ba. Direban da ya ƙware a titin Abuja zuwa Kaduna zai iya shekara goma bai taɓa ɗora wa birkinsa irin wannan nauyi ba, don haka yawan shekarunsa a kan sitiyari ba shaida ba ne a nan.

Sai man birki, wanda shi ne ke kai matsin ƙafar direba zuwa tayoyi. Sabon mai nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma yana da halin tsotsar laima daga iska, kuma idan ruwan da ya sha ya kusa kashi 4 cikin 100, mizanin tafasarsa yakan faɗo zuwa digiri 140. DOT 4 kuma yakan sauko daga 230 zuwa 155. Da zarar ya tafasa sai tururi ya taru a cikin bututu, tururi kuwa yana matsuwa inda mai ba ya matsuwa, sai direba ya taka ya ji fedar ta nutse har ƙasa babu abin da ya kama. Shi ne abin da ake rubutawa a rahoto da cewa birki ya tsinke, a shafa fatiha, alhali babu abin da ya tsinke: mai ne da ya shekara uku ana yi masa ciko ba a taɓa juye shi ba. Kuɗin juye shi bai kai na abincin rana ɗaya na ayarin ba.

Maganin wannan zafi shi ne a bar inji ya riƙe mota, wato a sauko da ƙaramar giya, wadda aka hau da ita ko wadda ke ƙasa da ita, a riƙa taɓa birki kaɗan ana saki. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, ɗabi'ar sa mota a firi a gangara domin tsimin mai ta ƙara yaɗuwa, kuma wanda ya yi haka a hawan da ake kira Biyu da Sisi ya ɗora mafi yawan megajul 29 ɗin nan a kan birki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun 2017, abin a yaba a shimfiɗaɗɗen titi, sai dai na'urar mai take rage wa inji, ba ta taka birki, motar da ke gangarowa kuwa ba da mai take gudu ba. Haka nan al'adar yaran mota ta sheƙa ruwan sanyi a kan birkin da ya ɗauki zafi tana iya lanƙwasa ƙarfen ko ta tsaga shi. Abin da ya dace shi ne a faka a fili, a sa weji, a jira ya huce da kansa.

Hawa bai kai gangara haɗari ba, amma yana da nasa. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, saboda haka a wajen Nguroje ya rasa kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma ruwa a can yana tafasa a wajen digiri 94, abin da ke tona asirin duk lagireton da murfinsa ya lalace. Lodin da mota ta ɗauka lafiya daga Mararaba zuwa Bali ya yi mata yawa a kan dutse, balle a dawowa, lokacin da kowa ya sayi buhun dankali da ayaba da ganyen shayin Kakara ya ɗora a sama.

Wasu abokan aiki suna cewa tsaro ne babbar matsala, wasu kuma su ce lalacewar titi ce, suna kafa hujja da gadar Namnai da ta karye a kan titin Wukari zuwa Jalingo a 2024. Ba a musa ba, amma gina gada ba ya hannun mai shirya rangadi, tsaro kuma ana rage haɗarinsa da tafiyar rana da tambayar mutanen gari, wanda shi ma shiri ne. Masu cewa binciken mota yana ƙara tsada ba su kawo lissafi ba tukuna.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi sai da madugu mai faɗa a ji, da jagaba wanda ke wucewa gaba ya duba hanya da zango, kuma wannan tsari shi ya kamata a mayar wa ayarin motoci. A naɗa mutum ɗaya mai ikon cewa yau ba a hawa, ko da shugaban ofis yana cikin motar. A raba tafiyar kwana biyu, a kwana a Serti, a hau da hantsi bayan hazo ya washe, kada a hau ko a sauko bayan la'asar. Motoci kada su gaza biyu, su bar tazara mai yawa a kan dutse, mai nauyi tana gaba a gangara domin kada ta afka wa ƙarama ta baya, kuma a cika tanki da jarka tun daga ƙasa, a riƙe tsabar kuɗi saboda wuraren da sabis ɗin waya ke ɗaukewa. A ɗauki direba ɗan hanya daga tashar Serti ko Gembu ya zauna kusa da direban Abuja, ko ma a bar masa sitiyari daga Mayo Selbe, a biya shi haƙƙinsa cikakke. Ofishin da ke sa hannu a kan kuɗin tafiya kuma kada ya saki ko kwabo sai ya ga takardar bakanike mai nuna ranar da aka juye man birki, da kaurin da ya rage wa takalman birkin, da sunan wanda ya gwada motar a gangara da cikakken lodi.