Jawabin Ɗaliban da Aka Aika Wurin 'Yan Gudun Hijira, a Ranar Jubili



An ba mu ɗan lokaci mu ba da labarin aikin da makarantarmu ta Littafi Mai Tsarki ta aike mu mu koya da rani, mu biyar, a cikin garuruwan da aka zaunar da 'yan gudun hijira a jihar Maraɗi. Waɗanda suka riga mu magana sun tuna mana da Damagaram a 1924, da asibitin Galmi a 1950, da Danja a 1956. Namu labari ƙarami ne ƙwarai a gaban waɗannan, amma za mu faɗe shi yadda ya faru, har da inda muka yi kuskure.

Kun sani tun 2019 mutane suka soma ƙetaro iyaka daga ƙasar Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun 'yan bindiga. Kafin ƙarshen watan Satumba na shekaran nan sun haura 40,000. Da fari talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka sauke su, suka raba gero da su. Daga baya gwamnati da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira suka janye waɗansu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, domin su zauna kusa da mutanen gari maimakon a killace su a sansani. Aikinmu shi ne mu taimaki masu shirya su domin neman sana'a.

Muka tafi da littafin rubutu da alli, muna tsammani mu ne malamai. Muka shirya aji biyu, na ɗinki da na yin sabulu, gama abin da muka saba gani ana koya wa mabukata ke nan. Mutane suka zo, suka zauna da ladabi, ba wanda ya yi mana gardama.

Ran nan wani tsoho daga wajen Sabon Birni, wanda ya yi kwana uku yana zaune a bayan aji, ya kira ɗaya daga cikinmu ya ce, “Yaro, zo ka ga hannuna.” Tafin hannun duk kanta ne da tabon wuta. Ya ce, “Ni maƙeri ne, ubana maƙeri, kakana maƙeri. Sabulun nan fa, wa zan sayar wa?” Ɗan'uwanmu ya ce, “Baba, don me ba ka faɗa mana ba tun farko?” Ya ce, “Ba ku tambaya ba.”

Kunya ta kama mu. Kashegari muka rufe aji, muka shiga bi gida gida da tambaya ɗaya tak: wace sana'a ka ke yi kafin ka gudo? Sai ga dukawa, ga mahauta, ga wanzamai, ga magina, ga mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ga masu kiwon jar akuya, wadda mu ke kira ta Maraɗi su kuwa suna kiranta ta Sakkwato, alhali akuya ɗaya ce. Kaɗan ne ba su da abin yi a hannunsu. Abin da suka rasa shi ne kayan aiki da suka bari a baya, da gona, da kuma mutumin da zai tsaya musu.

A kan wannan na ƙarshe mu ke so mu daɗe kaɗan. A ƙasarmu ba a ɗaukar mutum aiki domin takarda. Ana tambaya, ɗan wa ne, wa ya kawo shi, in ya gudu da kaya wa za a kama? Mai gudun hijira ba shi da amsar ko ɗaya. Waɗanda suka san shi sun watse, waɗansu suna kabari. Mai shago ba mugu ba ne sa'ad da ya ƙi ba baƙo bashin fata ko ƙarfe, gama shi ma da jarin wani ya ke juyawa. Saboda haka muka gane ashe abin da aka aiko mu yi, ko da ba a rubuta shi haka ba, shi ne mu zama masu kai mutum gaban mutum mu ce, mun san shi.

Da tsohon nan muka fara. Muka kai shi wurin wani maƙerin gari ranar kasuwa. Maigidan bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya miƙa masa guntun ƙarfen mota ya ce ya fitar da ruwan hauya. Muka tsaya muna kallo, gabanmu yana faɗuwa fiye da nasa. Da ya gama, maigidan ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya tambaye shi gidan da ya koya. Ashe dukansu Gobirawa ne, gama mutanen Tsibiri ne suka kafa Sabon Birni tun kafin a ja iyaka tsakaninsu. Duk da haka sai da wani dattijon ekklesiya ya yi lamunin ƙarfen farko, na jika goma sha biyar, kāna aka ba shi gefen maƙera.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da mu 'yan ƙasa ba mu lura da su. Mai zuwa daga ƙasar naira ba ya san cewa abin da aka rubuta 500 a takarda, a baki dala ɗari ne ba. Wata mai ƙuli-ƙuli ta yi asarar cinikin kwana biyu a kan wannan kaɗai. Muka zauna da su da tsabar kuɗi a kan tabarma har lissafin ya zauna musu. Takardun hukuma kuma da Faransanci su ke, har wanda ya yi boko a can ya koma kamar bai taɓa shiga aji ba. Sai mu karanta musu, mu nuna inda a ke sa hannu.

Ba duka muka ci nasara ba. Gona ta fi ƙarfinmu, gama ƙasa ta yi wa masu ita ma kaɗan. Wani saurayi da muka tsaya wa ya koma ƙetare da keken ɗinkin da aka ara masa, ba mu sāke jin labarinsa ba, muka biya daga guzurinmu. Samarin gari kuma sun tambaye mu, da gaskiyarsu, su wa zai tsaya musu, tun da su ma zaune su ke. Daga nan muka riƙa haɗa ɗan gari ɗaya da baƙo ɗaya a kowane wurin koyo.

Waɗansu 'yan'uwa sun tambaye mu mutum nawa suka tuba ta wurin aikin nan. Ba mu ƙidaya ba, ba mu kuwa sa wannan ya zama sharaɗi ga kowa ba. Kusan dukansu Musulmi ne, sun san ko su wane ne mu, wanda ya tambaye mu dalilin zuwanmu mun gaya masa a sarari. Da dare mukan karanta Ayyukan Manzanni sura 18, inda Akila da Biriskilla, waɗanda aka kora daga Roma, suka sauka a Korinti da sana'ar ɗinkin tanti, har Bulus ya sami aiki da masauki a wurinsu. Mukan tuna kuma Maraɗi kanta masu gudu daga Katsina ne suka kafa ta a farkon ƙarni na 19.

Yanzu ga roƙonmu. Muna da sunayen mutum goma sha ɗaya da muka gwada hannunsu da idonmu, waɗanda har yau ba su sami mai tsaya musu ba: magina uku, dukawa biyu, sauran mata ne masu man gyaɗa da ke bukatar kaskon suya da buhun farko. Takardar tana kan tebur a bakin ƙofa. Duk mai shago ko maƙera ko fili a cikinku, ya tsaya ya duba ta kafin a shiga cin abinci, ɗaya daga cikinmu zai kasance a wurin.