Arsenik a Ruwan Sha da Cututtuka Masu Daɗewa: Darasi Daga Rijiyoyin Bangladash



Gabatarwa

Wannan takarda tana magana ne a kan arsenik, wani sinadari mai guba da ke cikin wasu duwatsu da laka a ƙarƙashin ƙasa, wanda yakan narke ya shiga ruwan rijiya. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Ruwan da ke ɗauke da shi yakan fito garai-garai, kuma tafasawa ba ta kawar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi saboda ruwan da ya tafi a tururi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa kada ya wuce maikurogiram 10 a kowace lita, ta kuma ƙiyasta cewa mutum miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 sun sha ruwan da ya haura wannan ma'auni. Hujjata guda ɗaya ce: aikin rijiya bai kammala ba sai an gwada ruwanta, kuma tarihin Bangladash ya isa shaida.

Yadda abin ya faru

Kafin shekarun 1970, mutanen karkara a Bangladash daga tafkuna da koguna suke shan ruwa, kwalara da gudawa kuwa suna kashe yara da yawa. Sai gwamnati, da taimakon UNICEF, ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi masu famfon hannu. Daga baya magidanta suka ɗauki abin da kansu, har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Aikin ya yi amfani, domin ya taimaka wajen rage mutuwar yara. Sai dai a wancan lokaci hankali na kan ƙwayoyin cuta ne, arsenik ba ya cikin abubuwan da ake aunawa.

A 1983 wani likitan fata a Kalkata, K. C. Saha, ya gano cewa tabon da yake gani a jikin marasa lafiya daga ƙauyukan Yammacin Bengal na Indiya aikin arsenik ne. Sai a 1993 aka tabbatar da shi a rijiyoyin Capai Nawabganj a Bangladash. Binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Birtaniya ta yi tare da ma'aikatar ruwa ta Bangladash a 1998 da 1999 ya nuna kashi 27 cikin 100 na rijiyoyi marasa zurfi sun wuce maikurogiram 50, wato ma'aunin Bangladash, kashi 46 kuma sun wuce 10. A 2000 wata maƙala a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari.

Ba masana'anta ce ta zuba gubar ba. Kogunan Ganga da Brahmaputra ne suka kwaso laka daga tsaunukan Himalaya, arsenik na manne da tsatsar ƙarfen da ke jikin yashin. A ƙarƙashin ƙasa, inda babu iska, ƙananan halittu masu cin ruɓaɓɓen ganye suna narkar da tsatsar, sai arsenik ya saki ya shiga ruwa. Saboda shimfiɗar lakar ta bambanta daga wuri zuwa wuri, rijiyoyi biyu a ƙauye ɗaya, tazararsu 'yan taku, ɗaya takan zama lafiya lau, ɗayar kuma guba. Gwada rijiya ɗaya a gari bai wanke sauran ba.

Abin da yake yi wa jiki

Alamar farko takan fito a fata bayan kimanin shekara biyar ana sha: ɗigo-ɗigon baƙi da fari a ƙirji da baya, da kaurin fata mai ƙuraje a tafin hannu da na ƙafa. A ƙauyukan Bangladash an riƙa ɗaukar wannan a matsayin kuturta, ana ƙyamar masu shi, har aure ya mutu a kai, alhali ba a ɗaukarsa daga wani. Mafi yawan masu shan ruwan ma ba sa nuna komai a fata, kuma hakan bai nufin sun tsira.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa arsenik a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta fata, ta huhu da ta mafitsara. An kuma danganta shi da ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon huhu mai daɗewa, da raunin fahimta ga yaran da suka sha shi tun suna ciki. A kudu maso yammacin Taiwan ya toshe wa mutane jijiyoyin jini na ƙafa, ƙafar ta yi baƙi ta ruɓe, sai an yanke.

A Araihazar, gabas da Dhaka, masu bincike sun bi lafiyar mutum kusan 12,000 na tsawon shekaru. Sakamakon da suka buga a mujallar Lancet a 2010 ya danganta kusan kashi 21 cikin 100 na mace-macen da aka samu da shan ruwan da ya wuce maikurogiram 10. Birnin Antofagasta na ƙasar Chile kuma ya nuna tsawon bibiyar wannan guba. Daga 1958 zuwa 1970 mazaunansa sun sha ruwa mai maikurogiram sama da 800. An kafa matatar ruwa, amma shekaru talatin da ɗoriya bayan haka kansar huhu da ta mafitsara ba su daina yi musu yawa ba. A nan matsalar take: wanda ya mutu da ciwon zuciya yana ɗan shekara hamsin, babu mai tuna rijiyar da ya sha yana yaro.

Matakan da aka ɗauka

A farkon shekarun 2000 an gwada rijiyoyi kusan miliyan 5 a Bangladash. Wadda ta wuce ma'aunin ƙasar aka shafa wa bakin famfonta jan fenti, mai kyau kuma kore. Wannan mataki mai araha ya sa iyalai da yawa suka koma ɗiban ruwa a rijiyar maƙwabta. An kuma haƙa rijiyoyi masu zurfin da ya wuce mita 150, waɗanda galibi ba su da arsenik, an tara ruwan sama, an yi matatun gida irin Sono da Abul Hussam ya ƙirƙiro. Inda aka gaza shi ne ɗorewa: fenti ya goge, an ci gaba da haƙa sababbin rijiyoyi babu gwaji, matatun da babu mai kula da su kuma suka lalace.

Me ya shafe mu?

A Afirka ta Yamma hanyar ta bambanta, amma haɗarin na nan. Duwatsun da ke ɗauke da zinariya sukan zo tare da ma'adinai masu arsenik. A yankin Wahiguya na arewacin Burkina Faso an sami rijiyoyin burtsatse da suka haura maikurogiram 1,000, an kuma ga masu tabon fata. An sami arsenik a ruwan yankin Obuasi na Gana, inda aka daɗe ana haƙar zinariya. Gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 dalma ce, amma ta nuna abin da ke faruwa idan ana niƙa dutsen zinariya kusa da inda ake ci da sha. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawarwari da kammalawa

Na farko, a sa gwajin arsenik cikin sharuɗɗan kowace kwangilar rijiya, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an ga sakamako. Na biyu, a fara da garuruwan da ake haƙar ma'adinai, a gwada kowace rijiya, a sa mata alama, a sanar da mai gari da masu ɗiban ruwa. Na uku, a koya wa ma'aikatan asibitocin karkara alamomin fata, su riƙa tambayar mara lafiya inda yake samun ruwa. Na huɗu, kada a rufe rijiya sai an samar da madadinta, domin wanda aka hana famfo kududdufi zai koma.

Ina kira ga hukumomin ruwa, ƙungiyoyin agaji da masu haƙa rijiya sadaka, su ware kuɗin gwaji tun daga kasafin farko. Kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da na haƙawa, kuma shi ne zai tabbatar da cewa abin da aka ba jama'a ruwan sha ne.