JAWABIN KWAMITI BISA ZANCEN TSOHON GIDAN GANDU



Watan jiya mu takwas, ƴan ƙungiya mazamna Yamai, munka tahi gidan tarihi na ƙasa, wanda anka buɗe a 1959, anka sa mishi sunan Bubu Hama a 2008. Mun ga iccen Tenere da mota ta kayas a 1973. Amma inda munka daɗe tsaye, shi ne wurin da anka gina gidaje irin na kakanni: na Hausawa, na Zabarmawa, na Hillani da na Buzaye.

Nan wani yaronmu, haihuwar Yamai, ya nuna rumbu ya ce: "Baba, wa ke kwana cikin ɗan ɗakin ga?" Munka yi dariya, daga baya kumya ta kama mu. Jikan manomi bai san rumbu ba!

To jama'a, abin da munka biya kuɗɗi munka kalla Yamai, muna da shi gida. Tsohon gidan gandu na gabas ga gari, inda kakanninmu sunka soma saran daji, shina nan: ga zaure, ga ruhewa biyu, ga dutsin niƙa, ga tsohuwar rijiya. Dattawa sun tuna, hatsin ruhewar nan ne ya riƙe gida huɗu cikin yunwar 1984, wadda muke ce ma El Buhari.

Yau damana biyu ba a yi mishi yaɓe ba. Bangon zaure ya tsage, gara ta ci azara. In ruwan bana ya iske shi haka, ya tahi ke nan.

Ga roƙonmu:

1. Magada su yi haƙuri, kada a rushe, kada a saida.
2. Samari su yi gayyar yaɓe kahin ruwa shi sauka.
3. Kowane ɗan ci-rani shi aiko da jika guda hannun ma'aji, don azara da abincin ƴan gayya.
4. Mai tsohuwar hauya, ko kwashe, ko lauje, ko ƙoshiya, shi kawo. Dattawa su gaya muna suna da amfanin kowane, mushen lakwal shi rubuta, ɗiyanmu su zo su gani.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna sauraren shawararku, iyayenmu. Allah shi ba mu damana mai albarka, amin.