GEFEN TITI NA MAI TAFIYA A ƘASA NE

Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Araba, Ƙaramar Hukumar Illela.



Titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Gwadabawa da Illela, ya ratso nan, ya nufi Birnin Ƙonni. Shi ne arzikinmu. Ta kansa ake kai albasa da hatsi da dabbobi. Amma ran Lahadi, ranar kasuwar Illela, ku dubi yadda yake cika: ga manyan motoci, ga kabu-kabu, ga amalanke, ga raƙuma da jakuna. A tsakiyarsu kuma ga yarinya ɗauke da talla, ga tsoho da sanda, ga makaho da ɗan jagora.

Me ya sa suke bin tsakiyar titi? Domin mun cinye musu gefe. Wannan ya kafa tebur, wancan ya jera kwalaben fetur, wani ya jibge itace ko yashi. Mai tafiya a ƙasa ya rasa wurin sa ƙafa, dole ya hau kwalta.

Ga wani lissafi, tunda yanzu kun iya lissafi. Dokar hanya ta Nijeriya ta ce kada mota ta wuce gudun kilomita 50 a awa a cikin gari. Ko a wannan gudun, mota tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yaro, ya kai ƙafa kan birki, ya riga ya iso kansa. Motar da ta yi lodi kuwa ta fi wuyar tsayawa.

To, mene ne abin yi?

Na ɗaya, masu tebur da rumfa su ja baya, su bar wurin da mutum biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Mai unguwa da shugabannin 'yan kasuwa su sa ido a kan haka.

Na biyu, tun 1972 motoci ke bin hannun dama a Nijeriya, haka kuma suke bi a Nijar. Saboda haka mai tafiya a ƙasa ya bi gefen hagu, yana fuskantar motar da ke zuwa.

Na uku, kafin ka tsallaka, tsaya. Dubi hagu, dubi dama, ka sake duban hagu. Kada ka ɓullo daga bayan motar da ke tsaye.

Na huɗu, da dare a sa fararen kaya ko a riƙe tocila.

Na biyar, kada a aiki ƙaramin yaro ya tsallaka titi shi kaɗai. Malaman allo da na boko su sa babba ya tsallakar da yara lokacin tashi.

Sauran aikin na hukuma ne. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 domin irin wannan. Ku da kuka iya rubutu, ku haɗu ku rubuta mata takarda, ku aika wa Ƙaramar Hukuma kwafi. Ku nemi a zana wurin tsallakawa, a kafa allon gargaɗi kusa da makaranta da masallaci. Kowa ya sa hannu da sunansa, ba dangwale ba.

Amma janye tebur ba ya jiran takarda. Mu fara gobe da safe. Allah Ya tsare mu da 'ya'yanmu. Wassalamu alaikum.