Talal Maddah, Muryar Ƙasar Hijaz

An haifi Talal Maddah a Makka a shekarar 1940, ya girma a Ɗa'if, inda ya koyi kaɗa molon Larabawa, wato udu. Waƙarsa "Wardak Ya Zari' al-Ward" ce ta fito da shi a gidan rediyon Saudiyya. Yana rera waƙa, yana kuma tsara kiɗanta da kansa, har ya kai salon Hijaz Masar da Labanan. Masoyansa sun yi masa laƙabi da Muryar Ƙasa. Ranar 11 ga Agusta, 2000, ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar waƙa a garin Abha, rai ya yi halinsa. A Makka aka binne shi. Har yau mawaƙan Saudiyya na bin sawunsa.