Mura da Aikin da Take Yi a Cikin Hanci

Jawabi ga jama'ar Dareta da sauran garuruwan ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

Duk shekara in hunturu ya kama, da wuya a sami gidan da babu mai atishawa ko yaro mai majina. Maganar yau a kan mura ce, watau abin da ke kawo ta, da aikin da take yi a cikin jiki, da dalilin da ya sa kuɗin da ake kashewa a kan allura da kafso dominta yawanci asara ne.

An gina jikin ɗan Adam da waɗansu 'yan ɗakuna ƙanana ƙwarai, a jere kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Masana suna kiran kowane ɗaya sel. Kowane sel kamar gida ne mai maƙerarsa da kayan aikinsa, yana ƙera abin da jiki ke bukata. Waɗanda ke shimfiɗe a cikin hanci, waɗansu suna fid da majina don kama ƙura, waɗansu kuma suna da 'yan gasu masu kaɗawa da ke share ta zuwa maƙogwaro.

Ƙwayar mura kuwa irin wadda ake kira bairas ce. Iri-irinta sun fi 200, amma yawancin mura daga dangi ɗaya take, mai suna rainobairas, wanda Dokta Winston Price ya fara ganowa a Amurka a 1956. Saboda ƙanƙantarta, sai an jera fiye da 800,000 kafin su kai tsawon inci ɗaya. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya hayayyafa da kanta. Abin da take ɗauke da shi duka kamar takardar umurni ce naɗe a cikin kwasfa.

In mai mura ya yi atishawa, ko ya fyace ya gaisa da wani, shi kuma ya taɓa hanci ko ido, ƙwayar ta sami hanya ke nan. A jikin sel akwai wani wuri kamar kwaɗon ƙofa, wanda masana suka gano a 1989 cewa nan yawancin rainobairas ke kamawa, sunansa ICAM-1. Da ta kama, sai sel ya haɗiye ta, ta tuɓe kwasfarta, ta saki takardar nan. Daga nan maƙerar gidan ta bar aikinta, ta koma ƙera baƙuwar. Cikin kamar awa 8 zuwa 10 sababbin ƙwayoyi masu yawa sun fito, sun faɗa gidajen maƙwabta.

Abin mamaki, da likitoci suka duba cikin hancin masu mura, sai suka ga ɓarnar da rainobairas ke yi wa sel ba ta da yawa. Yawancin wahalar daga yaƙin da jiki ke yi ne. Sel ɗin da aka shiga yakan yi kururuwa da waɗansu sinadarai. Ɗaya cikinsu shi ne intafiron, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957, aikinsa ya gargaɗi maƙwabta su yi shiri. Waɗansu sinadaran kuma su buɗe hanyoyin jini, hanci ya kumbura ya toshe, ruwa ya yi ta zuba, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi. Sa'an nan fararen ƙwayoyin jini su taru a wurin, su ne ke mai da majina rawaya ko kore. Saboda haka koren majina kaɗai ba ya nuna ana bukatar kafso.

Sanyi ba shi ne ke haifar da mura ba, amma yana taimakonta. A 1960 Dokta David Tyrrell da abokan aikinsa a Salisbury ta Ingila sun ga ƙwayar ta fi hayayyafa a ɗumin digiri 33, watau irin na cikin hanci, ƙasa da 37 na cikin jiki. Ga shi kuma da hunturu akan cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa.

Fenisilin da danginsa jikin wata ƙwayar cuta dabam suke rushewa, wadda ake kira bakteriya. Bairas ba ta da abin da za su rushe, tana kuma ɓoye a cikin sel. Jiki da kansa yake gamawa da ita cikin kwana 7 zuwa 10. Abin da mai mura ke bukata shi ne hutu da ruwa da abinci mai ɗumi. Uwa ta ci gaba da ba jariri nono. A riƙa wanke hannu da sabulu, mai atishawa ya rufe hanci da baki.

Amma lalle ne a lura da yara. In yaro ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40 ko fiye, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, to, mai yiwuwa ciwon ya sauka huhu. A kai shi asibiti ran nan.

Mutanen Dareta sun fi kowa sanin haɗarin ɗaukar wata cuta a madadin wata. A 2010, sa'ad da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, da fari da yawa an yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro, sai da aka gwada jini gaskiya ta fito. Mura iyakarta hanci da maƙogwaro da ɗan zazzaɓi. Yaron da ke yawan amai, ko jijjiga, ko barcin da ya ƙi farkawa, kada a ce mura ce a zauna. A hanzarta da shi asibiti, a kuma gaya wa likita in ana aikin dutse a gidan.

Allah ya ba da lafiya, ya raya zuriya, amin.