Lacca: Abokinka Yana Kurkuku a Wata Ƙasa, Me Za Ka Yi?

'Yan'uwa maza da mata, 'yan kasuwa da masu sana'a, yau za mu ɗauki labarin mutumin da aka ɗaure a ƙasar Kenya, don mu ga abin da abokai ke iya yi idan alƙali da mai ƙara bakinsu ɗaya.

A watan Oktoba 1952 Gwamna Evelyn Baring ya sa dokar ta-ɓaci, aka kama Jomo Kenyatta. Aka tuhume shi da mutum biyar, wai su ne ke tafiyar da ƙungiyar Mau Mau. Ba a Nairobi aka yi shari'ar ba, inda jama'a za su taru su ji. Aka kwashe su zuwa Kapenguria, wani ƙauye mai nisa inda jirgin ƙasa ba ya zuwa, aka mai da ɗakin makaranta kotu. Aka ɗauko wani tsohon alƙali, Ransley Thacker, wanda ya riga ya bar aiki, aka ba shi shari'ar. Ran 8 ga Afrilu 1953 ya yanke musu shekara 7 da aiki mai tsanani. Gwamnati ta ba shi fam 20,000, ya bar ƙasar.

To, abokai fa? Na farko, ba su bar su ba lauya ba. D. N. Pritt ya zo daga Ingila, Chaman Lall daga Indiya, H. O. Davies kuma daga nan Nijeriya. Kada mu ruɗe ku, ba su ci shari'ar ba, ɗaukaka ƙara ma ba ta fid da Kenyatta ba. Amma sun titse shaidu da tambayoyi, aka rubuta kome, jaridun duniya suka buga. Wannan rubutu shi ya yi rana daga baya. A 1958 babban mai shaida, Rawson Macharia, ya rantse cewa ƙarya ya yi, an yi masa alkawarin karatu a Ingila da aikin gwamnati. Maimakon a saki wanda aka yi wa ƙage, sai aka ɗaure Macharia a 1959. Duk da haka duniya ta ji, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Na biyu, ba su bari an manta da sunansa ba. An kai shi Lokitaung, can cikin hamada, don a daina ambatonsa. Sai ga Oginga Odinga ya miƙe a majalisa a 1958 ya ce har yanzu Kenyatta ne shugabansu. A 1961 jam'iyyar KANU ta ci zaɓe, amma ta ƙi kafa gwamnati sai an sake shi. Wato an miƙo musu kujera, suka ce sai da abokinsu. A watan Agusta 1961 aka sake shi, bayan kusan shekara 9 a tsare. A 1963 ya zama Firayim Minista.

Wani zai ce, ai wannan babban mutum ne, mu fa namu ɗan tireda ne da aka kama a bakin iyaka. Gaskiya ne, ba jaridar da za ta buga sunansa, shi ya sa nauyin ya fi yawa a kanmu. Ku rubuta sunansa, da ranar da aka kama shi, da gidan yarin da yake, da laifin da ake tuhumarsa. Ku kai takardar ofishin jakadancin ƙasarmu da ke can, ku riƙe kwafi, in an yi shiru ku sake kaiwa. Ku tara kuɗin lauya a hannun ma'aji guda, kowane kwabo da rasit, a karanta lissafi a gaban kowa. Kada ku ba ɗan kamashon da ya ce ya san alƙali, gama wanda ya ci hanci yau, gobe zai ƙara farashi. Ku dubi gidansa, hatsi da kuɗin haya da na makarantar yara, ku riƙe masa rumfarsa. Ku aika masa da wasiƙa, ko da rabi ne za su isa, domin gandiroba yakan sassauta wa wanda ya san ana tambayarsa.

Ba mu yi muku alkawari za a sake shi gobe ba. Na Kenya sun jira shekaru. Amma wanda ba a tambaya shi ake dannewa ba tsoro. Duk mai ɗan'uwa ko aboki a tsare a waje, ya kawo sunan wurin magatakarda kafin a watse. Allah ya fid da wanda aka zalunta, amin.